Jikar Jaɓa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bar ni ba, domin har yau akwai tsofaffin da ba su san sunana na yanka ba, sai wanda na samo a ranar. Abin ya faru ne shekara biyu bayan samun 'yancin kai, lokacin tutar da ke tsakar filin makarantarmu ko koɗewa ba ta fara yi ba. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai mata, aka turo ni gwajin koyarwa wata firamare a wani ƙauye tsakanin Kudan da Makarfi, inda ƙanwar babana take aure. A gidanta na sauka. Gwaggo nake ce mata.

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa: a lokacin kaina ba a ƙasa yake ba. Ba girman kai nake nufi ba (ko da yake shi ma akwai ɗan kaɗan), a'a, tunanina ne kullum yake yawo. Ina da wani littafi mai jan bango da nake rubuta baitoci a ciki. In iska ta kaɗa ganyen rake a fadama, sai in tsaya cak ina neman kalmar da ta dace da wannan sautin. Akwai ranar da Gwaggo ta aike ni sayen mazarƙwaila, na dawo mata da baiti uku, babu mazarƙwaila. Ta dube ni ta ce, "To, sai mu jiƙa waƙar mu sha da koko."

Tsarin gwajin kuwa mai sauƙi ne, mai ban tsoro. Sufeton makarantu zai zo daga Zariya, ya zauna a bayan aji, ya kalli darasi ɗaya tak. Abin da ya rubuta a kan darasin nan shi zai sa in karɓi takardar shaidar malanta, ko kuma in koma in maimaita shekara. Babana kuwa ya riga ya gaya wa duk mai zama a dakalin ƙofar gidanmu a Makarfi cewa bana 'yarsa za ta zama malama. Wasu daga cikin masu zaman dakalin tun farko ba su so aka kai ni makaranta ba, kuma na san ba za su yi baƙin ciki ba in na dawo hannu biyu.

Hedimastanmu, Malam Isiyaku, mutum mai haƙuri da tsoron fitina, ya ba ni shawara. Ya ce, "Malama, ki ɗauki lissafi. Tarawa da ɗebewa. Ba wanda ya taɓa faɗuwa a kan tarawa da ɗebewa."

Na ce, "Malam, ai Sufeto ya gaji da ganin tarawa. Zan nuna masa abin da bai taɓa gani ba."

(Allah ya amsa wannan maganar tawa fiye da yadda na roƙa.)

Dalilina shi ne wani littafin ilimin halittu da na aro daga laburaren kwaleji, wanda ya hana ni sakat. A ciki na karanta cewa a wani zamani mai nisan gaske, manyan ƙadangaru ne suke mulkin duniya, irin waɗanda giwa ba ta kai ƙugunsu ba. A ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa akwai wata 'yar mitsitsiyar dabba mai gashi da dogon baki, kamar jaɓa. Ba ta isa ta fito da rana ba, sai duhu ya yi. Tun da ido ba ya aiki a duhu, sai ta dogara da hanci da kunne da gashin bakinta. Masana suka ce ta nan ƙwaƙwalwa ta fara girma: da sansane, da saurare, da tuna inda aka ɓoye abinci da inda maƙiyi yake. Da ƙadangarun suka shuɗe, zuriyar wannan 'yar dabba ta bazu, wasu suka zama masu kofato, wasu masu farata, wasu suka hau bishiya, wasu suka tashi sama kamar jemage. Ƙwaƙwalwar wasu ta yi ta faɗi har kai ya kasa ɗaukarta a shimfiɗe, sai ta riƙa nannaɗewa, kamar yadda ake ninke babban zane don ya shiga ƙaramin adudu.

Ni fa wannan labari ya taɓa min zuciya. Ƙaramar halitta mai tsoro, tana laɓe a rami tana shayar da 'ya'yanta, tana haƙuri har duniya ta dawo hannun jikokinta! Na rubuta mata baitoci bakwai.

Matsalar ita ce littafin da Turanci yake, darasin kuma da Hausa zan yi wa 'yan aji huɗu. Turawa suna da kalma ɗaya da ta tattara akuya da zomo da jemage da duk dabbar da ke ba ɗanta nono. Na zauna na fassara: "dabbobi masu shayar da 'ya'yansu nono." Na karanta da ƙarfi, na ji ya yi tsawo kamar igiyar guga. Na rage: "dabbobi masu shayarwa." Ya fi, amma har yanzu kalmar "dabbobi" tana yi min nauyi a kunne, kamar jaki ya taka gada. Sai na ɗauki alƙalami na soke ta. "Masu shayarwa." Kai! Na ji daɗin abin har na lumshe ido. Taushi, gajarta, ga kari kamar na waƙa. Daga ranar ban sake furta kalmar "dabbobi" ba.

Kwana huɗu na yi ina haɗa kayan aiki. Na samo babban kwali na zana bishiya. A gindinta na zana jaɓa da dogon bakinta. A rassa na sa bushiya, zomo, kyanwa, akuya, saniya, biri. A reshen can sama, kusa da birin, na zana mace da goyo. Da yake ina son abu ya fito da rai, sai na kalli maƙwabciyarmu Talatu, matar mahauci, wadda kullum take zuwa daka a turmin Gwaggo da jaririnta a baya. Tana da wani shuɗin zane mai zanen kifaye rawaya, duk garin ita kaɗai ke da shi, kuma tana ji da shi. Na kwafe shi kifi bayan kifi. A saman kwalin na rubuta da manyan baƙaƙe: MASU SHAYARWA.

Sannan na kwaɓa yumɓu na mulmula ƙwaƙwalwa iri huɗu. Ta jaɓa kamar ƙwayar gyaɗa, sumul. Ta zomo. Ta akuya da 'yan layuka. Ta mutum babba, na yi mata nannaɗe-nannaɗe da tsinken tsintsiya. Na shanya su, na jera a tire, na rufe da faifai.

Ana gobe Sufeto zai zo, kafin a tashi, na tsaya gaban yara na ce:

"Gobe darasinmu a kan masu shayarwa ne. Duk wanda yake da mai shayarwa a gidansu, in an yarda masa, ya zo da ita da sassafe. Da ɗanta in da hali. Babban baƙo zai zo daga Zariya ya duba."

Yara suka ce, "To, Malama!" da irin murnar da ban taɓa gani a fuskarsu ba. Ni kuwa a raina ina hango 'yan awaki biyu ko uku, wataƙila kyanwa, in an yi sa'a zomo.

Daga baya ne na ji yadda maganar ta yi tafiya. Yara suka gaya wa iyayensu mata. Mata suka tambayi mazajensu. Maza suka tambayi mai unguwa bayan sallar La'asar. Malam Isiyaku, wanda shi kaɗai ne zai iya warware zancen, ya hau kekensa ya tafi Makarfi tun da azahar. Mai unguwa kuwa ya tuna cewa bara malaman asibiti sun raba wa masu jego madarar gari a Kudan, su ba a zo musu ba, abin yana cin ransa. Kuma ba ya so a ce ana abu a garinsa bai sani ba. Sai ya sa aka yi shela.

Na ji gangar mai shela fa. Ina tsakar gida ina gyara wutsiyar biri, na ji ta daga nesa, na ajiye burushi na rubuta wani abu a kan yadda sautin ganga ke tafiya a kan gonaki da yamma. Abin da mai shelar yake faɗa kuwa, ko kalma ɗaya ban saurara ba. Gwaggo ta shigo ta ce, "Ashe gobe ana rabon madara a makarantarku, shi ne ba ki faɗa ba?" Ni kuma, idona a kan wutsiya, na ce, "Uhm." Da wannan "uhm" ɗin Gwaggo ta leƙa katanga ta tabbatar wa maƙwabta cewa maganar daga bakin Malama ta fito.

Da safe na yi kwalliya, na ɗaura ɗankwalina mai kyau, na saɓa kwalina a naɗe, tire a ka. Don gudun kada yara su manta, na jawo akuyar Gwaggo da ɗanta da ta haifa kwana uku da suka wuce. Ina tafe ina maimaita buɗewar darasina, wadda na haddace kamar karatun allo.

Tun daga kan kwana na fara jin kukan jarirai.

Da na shiga filin makaranta, sai na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ɗorawar da ke gaban ajina, an cika su maƙil. Mata ne, kowacce da goyo ko ɗa a cinya, kowacce da ƙwarya ko kwano a gefe. Wasu tun daga ƙauyen Taba suka tako da ƙafa. Ga Fulani masu tallar nono sun sauke ƙorensu a gefe guda. Ga Talatu a sahun gaba, cikin shuɗin zanenta mai kifaye, ta yi ado kamar za ta biki. A kan turmi a kife kuwa, Iya Dudu ce zaune, tsohuwar ungozomar garin, wadda rabin mutanen wurin ita ta yanke musu cibi, kuma mai unguwa kansa ba ya ja da ita. Yarana suna tsaye kowa kusa da uwarsa, suna washe baki, suna jiran in yaba musu.

Malam Isiyaku ya taho da sauri, hularsa a karkace. Ya ce a hankali, "Malama, me ke faruwa? Wa ya kira su? Ina madarar?"

Kafin in buɗe baki, mota ta tsaya. Sufeto ya fito, dogon mutum mai tabarau da farar babbar riga, da jaka a hammata. Ya dubi matan, ya dubi akuyar, ya dube ni. Na durƙusa na gaishe shi. Cikin 'yan kalmomi Malam Isiyaku ya raɗa masa abin da yake zato ya faru. Sufeto bai yi dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya sa aka fito masa da kujera ƙarƙashin ɗorawar, ya buɗe jakarsa, ya cire murfin alƙalami.

Ya ce, "Malama, ke kika tara jama'a. Sai ki yi darasinki a nan. Bismilla."

A nan ne mai hankali za ta tsaya ta ce, iyayena ku yi haƙuri, kuskure aka yi. Ni kuwa sai wani tunani ya zo min, mai daɗi kamar zuma: ai wannan dama ce! Ilimi zai shiga har cikin gidaje! Wace ɗaliba ce ta taɓa koyar da yara da iyayensu a zama ɗaya? Na ɗaure akuya a jikin ɗorawa, na sa yara suka zauna a gaba, na gaida matan sahu-sahu, na tambayi gida da masu gida da kwanan jarirai. Sannan na rataye kwalina a kan allo, na bar shi a naɗe tukuna don in ja musu rai, na gyara murya, na saki abin da na haddace.

"Masu shayarwa," na ce, "su ne mafiya daraja a cikin halittun da ke tafiya a bayan ƙasa."

Mata suka gyaɗa kai. Wata ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Na ji ƙarfi ya zo min.

"Ana gane masu shayarwa da abu uku. Jininsu da ɗumi. Suna ba 'ya'yansu nono. Kuma dukkansu jikinsu da gashi, wasu har a fuska."

Na ga wata ta shafa haɓarta. Ban kula ba.

"Amma ba haka suka fara ba. Masu shayarwa duka kakarsu ɗaya. Ƙarama ce, mai dogon baki. Ba ta fita da rana, sai dare ya yi take fitowa yawo, tana bin lungu-lungu tana sansane-sansane, tana cin ƙwari da tsutsa. Ƙwaƙwalwarta ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. In kuna so ku san kamanninta," na fizge igiyar kwalin, ya warware, na ɗora sanda a gindin bishiyar, "ga ta nan. Jaɓa."

Ban taɓa sanin jarirai ma suna iya yin shiru tare ba sai ranar.

Iya Dudu ta cire goron da ke bakinta, ta riƙe shi a hannu. Ta ce, "Malama. Kakar wa?"

Na ce, "Ta masu shayarwa, Iya."

Ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu, ta dubi tabarmin da ke cike da mata, kowacce da ɗa a ƙirji. Ta ce, "To. Ga mu."

A daidai lokacin ne kalmar da na soke ta dawo min, ta faɗo a kaina kamar tubali. Na buɗe baki in gyara, sai Talatu ta miƙe tsaye, ta matso kusa da allo, ta ƙanƙance ido.

"Kai, jama'a! Wancan ba zanena ba ne? Ga kifayena! Ni ce aka ɗora a kan bishiya? Kuma wane ne wannan a kusa da ni?"

Wata daga baya ta ce, "Maigidan ne mana, ba ki ga wutsiyar ba?"

Wuri ya kaure. Wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu na salati, wasu sun fara gyara majanyi suna naɗe tabarma. Wata ta ce ta bar tukunya a wuta ta taho. Wata 'yar Taba ta ce ita dai a ba ta madararta ta tafi, in ya so a ci gaba da zagin kakanni bayan ta wuce. Wata Bafulatana mai suna Hanne ta ce ai ga madarar can a tire, ta miƙa hannu ta ɗaga faifan. Ta tsaya tana kallon ƙwaƙwalwata ta yumɓu guda huɗu. Ta ɗauki babbar ta juya ta.

Ta ce, "Wannan furar wa ya daka ta? Ko kare ba zai sha ba."

Na saci kallon Sufeto. Kansa a sunkuye, alƙalaminsa yana gudu a kan takarda. Na hango dakalin ƙofar gidanmu, na hango fuskar babana. Ban san lokacin da na ajiye sanda na je gaban Iya Dudu na zube a kan gwiwoyina ba.

Na ce, "Iya, ku gafarce ni. Wallahi ba ku nake nufi ba. Dabbobi nake nufi. Awaki da kyanwa da zomo na ce yara su kawo. Babu madara, Iya. Ni ce na yi kuskure."

Ta ce, "To me ya hana ki ce dabbobi?"

Da na yi ƙarya na ce mantuwa ce, da an wuce wurin. Amma ni ban iya ƙarya a gaban tsofaffi ba. Na ce, a hankali, "Kalmar ce ta yi nauyi a jimlar."

Iya ta dube ni. Sannan kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har sai da ta share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Kun ji! Kalma ta yi mata nauyi, shi ne ta sauke ta a kanmu! Ke jikar nan, mu dai Nana Hauwa'u muka sani. In ke jaɓa ce ta haifi uwar babanki, ki riƙe abarki, ba ma so a raba da mu."

Na ce, "Ni ma Nana Hauwa'u na sani, Iya. Masu haƙo tsofaffin ƙasusuwa ne suka ba da labarin dabbobin. Ni abin da ya burge ni, yadda Allah ya ba su nono da ɗumin jiki da tausayin ɗa kamar yadda ya ba mu."

Ta ce, "Da haka kika fara ai da ba a naɗe tabarma ba. Kai, ku zauna! Tun da mun riga mun yi asarar safiya, bari in ga ko yarinyar nan ta karanta wani abu ko kuwa zane kawai ta iya." Ta nuna ɗan akuyar Gwaggo, wanda ke ta tsalle yana tunkuyar nonon uwarsa. "Kwanansa nawa wancan?"

"Uku, Iya."

"Uku, yana tsalle. Talatu, kwanto min ɗanki." Talatu ta kwance goyon tana hararata. "Wannan watansa biyar, ko zama bai iya ba. Ke kin ce wannan ƙatuwar furar ta mutum ce, ƙaramar ta akuya. To in tasa ta fi girma, me ya sa ɗan akuya ya fi shi wayo?"

Jama'a, wannan tambayar na san amsarta. Na miƙe, na karɓi yumɓuna daga hannun Hanne. Na ce ɗan akuya yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwarsa kusan a gama, shi ya sa yake tashi nan take, amma kuma abin da ya zo da shi kusan shi ke nan, ba zai ƙara wani abu mai yawa ba. Ɗan mutum kuwa tasa za ta yi girman da in ta gama a ciki ba zai iya fitowa ba, sai a haife shi da sauran aiki, ta ƙarasa girma a waje, a bayan uwarsa, yana ji yana gani yana koyo.

Iya ta ajiye goronta. Ta ce, "Kawo hannunki." Ta kama yatsuna biyu ta ɗora a tsakiyar kan jaririn, a kan maɗiga. Na ji wurin da taushi, yana bugawa a hankali a ƙarƙashin yatsuna. Ta ce, "Shi ya sa aka bar ƙofa a buɗe. Ba ta rufewa sai an kusa yaye. Ni da hannun nan na san kan da zai fito lafiya da wanda zai ba uwarsa wuya. Littafinki ya gaya miki wannan?"

Na san maɗiga mana, wa bai san ta ba? Amma ban taɓa haɗa ta da abin da na karanta ba. Na ce, "Bai faɗa da kyau haka ba, Iya."

Yara suka taso suna so su taɓa, Iya ta jera su layi, ta ce kowa da yatsa ɗaya, a hankali, wanda ya danna zai sha ranƙwashi. Da na zo kan maganar hanci, Hanne ta karɓe zancen daga bakina. Ta ce wannan ai ba sai an je Zariya ba. Saniya ba da ido take gane ɗanta ba, da hanci ne. In maraƙi ya mutu, uwar takan riƙe nononta ta ƙi sakewa, sai a feɗe fatarsa a kawo mata, ta sansana, ta lasa, sannan nono ya zubo. Wata ta ce ita ma nata jaririn ko a duhu ya san ƙirjinta, in kishiyarta ta ɗauke shi sai ya ƙi. Na nuna musu nannaɗewar yumɓun, na aro mayafin wata na ninke shi har ya shiga ƙaramin kwano, na ce haka babbar ƙwaƙwalwa ke samun wuri a ƙaramin kai. Talatu, wadda har lokacin ba ta yi min magana ba, ta ce gaskiya ne, ta rago ma haka take a nannaɗe in maigidanta ya fasa kai, amma ta kaza sumul take kamar ba a taɓa tunani da ita ba.

Har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi.

Bayan an watse, Sufeto ya kira ni ofishin Malam Isiyaku. Na tsaya hannuna a baya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malama, a gaban layin buɗe darasi na rubuta kalma ɗaya, ba zan karanta miki ita ba. A gaban sanin abin da ake koyarwa na rubuta, ta sani. A gaban kayan aiki kuwa," ya duba takardar, "na rubuta cewa tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin malamar da ta tanadi masu yawa haka ba, kuma duk masu rai." Ya mai da tabaransa. "Kin ci. Amma ki je ki cire matar mutane daga kan bishiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode."

Abin bai ƙare a nan ba. Gwaggo ta dama koko tukunya biyu ta ba 'yan nesa kafin su kama hanya, tana yi tana cewa ita ma "uhm" ne ya ci ta. Sati guda na yi ina bi gida-gida ina ba da haƙuri, kuma duk zauren da na yi sallama sai in ji daga ciki an ce, "Ku shimfiɗa tabarma, ga Jikar Jaɓa nan." Talatu ce ta fi wuya. Sai da na yanke hotonta daga kwalin da almakashi na kai mata. Ta duba ta duba, ta ce kifayen sun fito, amma na rage mata wuya. Ta liƙa shi a bangon ɗakinta, kusa da jeren tasoshi.

Babana bai taɓa jin cikakken labarin daga bakina ba. Masu zaman dakali sun ji na ci, sun kuma ji an ce mata fiye da cikin tabarma goma sun halarci darasina, sai suka ɗauka wata babbar daraja ce. Ban gyara musu ba.

Darasin da na koya, in ana so a kira shi darasi, shi ne: kalmar da ta yi maka nauyi a jimla, wataƙila ita ce ke riƙe da rufin. Har yanzu ina rubuta baitoci, har yanzu ina soke kalmomi, amma kafin in soke sai na tambayi kaina wa zai zo da goyo gobe da safe. A aji kuwa ɗalibaina sun san ni: "Dabbobi, na ce dabbobi, masu shayarwa."

Bara na haifi 'yata ta fari a Makarfi. Ranar suna sai ga Gwaggo da ƙunshi, ta ce daga Talatu da Iya Dudu. Na kwance, na ga turmin atamfa shuɗi mai kifaye rawaya. Na ce, "Ba su ba da saƙo ba?"

Gwaggo ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda duk matan da ke ɗakin za su ji.

"Sun ce barka da hawowa bishiya. Kuma in dare ya yi, ki gaida kakarku."